Kafin a ruga sayen maganin ƙarin jini, a fara tambayar ɓargo tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan bani fili a wannan jarida tamu in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma nasan ya shafi gidaje da yawa a Kano musamman gidajen da ake da masu sikila da mata masu juna biyu.

Ni ma'aikacin lab ne anan cikin birni, na haura shekara 15 ina zaune gaban madubin duba jini, kuma tambayar da nafi ji a bakin jama'a in sunzo karɓar sakamako itace "Malam jinin nawa ne?" PCV suke nufi, wato awon kason jajayen ƙwayoyi cikin ɗari na jinin mutum. In kace 36 sai kaga fuska ta washe, in kace 20 sai salati, daga nan kuma tun kafin su koma gurin likita an riga an yanke hukunci a bakin ƙofa, wannan yace a biya kemis a sayo maganin ƙarin jini na kwalba, wannan tace a haɗa mata maltina da madara, wata tace ai ganyen ugu za'a matse a sha da zoɓo, kowa dai da tasa. Ban raina abinci ba wallahi, zogale da alayyahu da hanta da wake duk suna da amfaninsu. Abinda yake damuna shine da wuya kaji wanda ya tsaya ya tambaya me ya jawo jinin ya sauka, alhali akwai wani ɗan gwaji mai sauƙi da yake buɗe ƙofar amsar, mu a lab muna ce masa retik, cikakken sunan retikulosait.

Bari in kawo misali da abinda kowa ya sani. Kaje kasuwar Dawanau ka tarar rumfar mai gero buhuna sunyi ƙasa, to ƙirga buhunan da suka rage shine PCV, ya gaya maka abinda ke ƙasa yanzu amma bai gaya maka dalili ba. Zai iya yiwuwa gona ce bata bada ba, babu sabon kaya da yake shigowa. Zai iya yiwuwa kaya na shigowa sosai amma ɓera da ƙwari suna cinyewa a sito fiye da yadda ake kawowa, ko kuma buhun ne ya huje yana tsiyaya a hanya. Mai hankali sai ya duba ko akwai sabon gero a cikin kayan, irin wanda bai daɗe da barin masussuka ba har da ɗan ragowar ƙaiƙayi a jikinsa. In yaga sabon kaya birjik yasan gona lafiyarta ƙalau, matsalar tana sito ko a hanya. In kuma ya duba babu ko tsaba ɗaya sabuwa to a koma gona a bincika. Retik shine wannan sabon geron, gonar kuma ɓargo ne dake cikin ƙashi.

Ga yadda Allah ya tsara abin. Jajayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargo ake ƙera su, a babba yawanci ɓargon ƙashin ƙugu da na baya da haƙarƙari da ƙashin ƙirji, kuma a jikin lafiyayyen mutum ana fitar da kusan miliyan 2 a duk daƙiƙa ɗaya, subhanallah. Kowace ƙwaya tana yin kwana 120 ko kusa da haka tana zagaye tana kai iskar da muke shaƙa ko'ina a jiki, in ta tsufa saifa da hanta su kwashe ta, kenan kullum ana canza kusan kashi 1 cikin 100. To ƙwayar da ta fito daga ɓargo yau bata gama nuna ba, ta riga ta yar da cibiyarta amma akwai ɗan ragowar kayan aikin da tayi amfani dasu gurin haɗa sinadarin dake sa jini yayi ja, masana suna kiran ragowar RNA, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu a cikin jijiya take kakkaɓe shi ta zama cikakkiya. A wannan ɗan tsakanin ne sunanta retikulosait, asalin kalmar daga Latin ne ma'anarta 'yar ƙaramar raga, saboda in aka rina ta ragowar nan yana dunƙulewa ya fito kamar zaren raga shuɗi a tsakiyar ƙwayar. A babba mai lafiya cikin ƙwaya 100 zaka samu tsakanin rabin ɗaya zuwa 2 da rabi ne irin waɗannan, jariri sabon haihuwa nasa yafi haka, yana kaiwa 2 zuwa 6, sannan ya sauko cikin sati ɗaya zuwa biyu. Mai bada umarnin a ƙara ƙerawa kuma ƙoda ce, ita take jin iska tayi ƙaranci a jini sai ta saki wani sinadari da ake kira EPO ya tafi ya zaburar da ɓargo, shi kuma ɓargo in yana da lafiya kuma yana da kayan aiki zai iya ninka aikinsa sau da yawa.

Shi aikin gwajin ba wani abin tashin hankali bane. Ɗigo biyu ko uku na jini, ka haɗa da kwatankwacinsa na wani shuɗin rini na musamman da yake rina ƙwaya tun tana da rai, ka ajiye a ɗumi irin na jikin mutum minti 15 zuwa 20, ka shafa a gilashi ya bushe, ka ɗiga mai ka saka a madubi sai ka fara ƙirge. Ƙwaya 1000 ake ƙirgawa kana ware masu zaren shuɗi a ciki, anan ne wahalar take don yana cin ido yana cin lokaci, ga layi a waje ana ta ƙwanƙwasa taga, in babu wuta kuma sai an tada inji, shi yasa ma'aikata da dama basa son aga an rubuto shi, gaskiya ɗaya ce. Manyan asibitoci suna da na'ura mai ƙirga dubun dubatar ƙwayoyi cikin ɗan lokaci kuma tafi ido daidaito nesa ba kusa ba, amma ko ƙaramin lab dake da madubi da kwalbar rinin nan zai iya yi, kwalba ɗaya kuma tana daɗewa. Sharaɗin dai jinin ya zama sabon ɗiba, don in ya wuni a ajiye akan tebur cikin zafin nan namu ƙwayoyin suna cigaba da nuna a cikin kwalbar sai lissafi ya fito ƙasa da gaskiya.

Abinda ya tunzura ni na ɗauki alƙalami kuwa a gidanmu ya faru. 'Yar ƙanwata ce, shekararta 6, tana da sikila SS ita da ƙaninta, kuma duk wanda yake da mai sikila a gida yasan jininsu dama baya kai na kowa, ita nata yana zama 24 ko 25 ne kuma a haka take wasanta take zuwa islamiyya. Wani lokaci tayi ɗan zazzaɓi da mura, aka bata maganin zazzaɓi ya sauka, amma yarinya sai kwanciya, bata kukan ciwon ƙashi irin wanda aka saba, kawai dai in ta tashi zuwa banɗaki sai haki, taƙi abinci. Uwar tana ganin tunda babu ciwon gaɓɓai ai da sauƙi, kakarsu kuma, Hajiyarmu kenan, tace a sayo maganin ƙarin jini a dinga bata safe da yamma, haka akayi kwana uku. Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci na biya gidan, ina ɗaga fatar idonta naga fari fat kamar takarda, tafin hannu ya ɗashe, na taɓa ƙirjinta zuciya na ta bugawa da sauri. Wani abu da ya ƙara tsorata ni shine idonta da kullum yake da ɗan ruwan ɗorawa irin na shawara ranar ya washe, uwar ma har tana murna da hakan tana cewa Yaya kaga idon ma yayi haske, ni kuma gabana faɗuwa yayi don nasan in ƙwayoyin da suke fashewa sun ƙare kuma ba'a ƙera sababbi to shawarar ma raguwa take.

Nace mata ɗauko hijabinki yanzun nan. Muka tari adaidaita sai asibiti, aka ɗebi jini PCV 13. Likitar da muka samu, Allah ya saka mata da alheri, tana shafa cikin yarinyar taji saifa bata kumbura ba sai ta rubuta harda retik kafin a ɗaura jini, sakamako ya fito ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100. Malam Edita yarinyar da retik ɗinta a zaman lafiya yake wuce 10, don mai sikila ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi su fashe shi yasa ɓargonsa kullum a guje yake, yau an leƙa gilashi kusan babu sabuwar ƙwaya ko ɗaya. Ma'ana gona ta tsaya cak. Likitar tayi mana bayani cewa mafi yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna fabobairos B19 take jawo wannan, tana bin iska kamar mura, tana shiga ɓargo ta kashe 'ya'yan ƙwayoyin tun kafin su girma, aiki ya tsaya na kwana 7 zuwa 10. Kai da ƙwayoyinka suke kwana 120 in ɓargonka ya tafi hutun kwana 10 ko sani ba zakayi ba, abinda zaka rasa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Amma wanda nasa suke mutuwa cikin sati biyu, kwana 10 babu sabon kaya ai rabin jininsa ko fiye ya tafi kenan, kuma duk kwalaben kemis ɗin duniya ba zasu tada ɓargon da ciwo ya kwantar ba, abinda yake ceton rai a lokacin shine ƙarin jini a riƙe yaro har ɓargon ya farfaɗo da kansa.

Mahaifinta da wani ƙaninmu suka bada jini, aka ɗaura mata, aka kwana huɗu aka sallame mu da sharaɗin mu dinga dawowa ana dubawa. Likitar ta kuma ce a kawo ƙanin shima a auna shi a sa masa ido na wasu makonni tunda ɗaki ɗaya suke kwana kuma ciwon yana yaɗuwa, sannan mai ciki ta nisanci gidan don yana iya taɓa ɗan dake ciki. Ni da kaina na cigaba da duba nata, kwana biyar shiru, ana cikin sati na biyu na saka gilashi a madubi sai naga shuɗin zare ko'ina kamar an watsa, wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na ɗauki waya na kira uwar nace kiyi sujudush shukri ɓargo ya tashi. A lokacin PCV bai ma fara hawa ba, retik ne ya riga kawo albishir.

Inda wannan gwajin yake da daɗi ga masu sikila shine jininsu yana iya faɗuwa farat ɗaya ta hanyoyi daban daban da suke kama da juna a ido. Akwai wanda saifa ce take zuƙe jinin ta riƙe, yafi samun ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5, ciki ya kumbura ta gefen hagu yaro ya ɗashe cikin awoyi, a wannan retik yana sama don ɓargo yana aiki. Akwai wanda fashewar ce ta ƙaru, ido yayi ɗorawa shar fitsari yayi duhu kamar shayi, shima retik sama. Sai irin na 'yarmu da yake ƙasa warwas. Kaga PCV ɗinsu zai iya zuwa ɗaya amma abinda likita zai sa wa ido da abinda zai gaya wa iyaye ba ɗaya bane. Shi yasa nake roƙon iyayen masu sikila kowa yasan PCV da retik na ɗansa na lokacin da yake lafiya, a rubuta a bayan katin asibiti ko a ajiye a waya, domin ranar da ciwo yazo da wannan za'a gwada. Masu shan maganin sikila da ake kira haidroksiyuriya ma dama likitocinsu suna bin retik ɗin da sauran ƙwayoyi don su san ko maganin yayi wa ɓargo nauyi. Kuma dan Allah a daina ɗura musu maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da ɓargo yake ƙera jini dashi, ba tare da likita yace ba, yawancinsu ba ayon suka rasa ba, wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ma ayon ɗin taruwa yake masa a hanta da zuciya ya zama wata cutar. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, dokar gwaji kafin aure da gwamnatin Kano ta sa wa hannu a 2024 zata taimaki 'yan baya in sha Allahu, amma waɗanda aka riga aka haifa suna nan a gidajenmu kuma haƙƙinsu yana wuyanmu.

Sai dai akwai wani tarko da nake so har 'yan uwana ma'aikata da ɗalibai masu zuwa koyon aiki su kula dashi. Shi retik da ake rubutawa kaso ne cikin ɗari, kaso kuma yana ruɗi in jinin gaba ɗaya yayi ƙasa. Misali an kawo mutum PCV 15 retik 3, sai wani ya kalli takarda yace ai ya ma ɗara na lafiyayye, ɓargo na aiki. A'a. Uku cikin ɗari na kaya kaɗan ba ɗaya yake da uku cikin ɗari na kaya mai yawa ba. Gyaran da ake yi shine ka ninka retik ɗin da PCV na majinyacin ka raba da 45, to 3 sau 15 a raba da 45 ya baka 1 kacal, mutumin da jininsa ya koma kashi ɗaya cikin uku kuma ɓargonsa yana tafiya irin ta ranar da babu komai, ai wannan gazawa ce, kamata yayi ace ya ninka sau uku ko fiye. Likitocin jini ma suna ƙara rage lissafin saboda in jini yayi ƙasa sosai ɓargo yana sako ƙwayoyin da wuri sai su daɗe a jijiya basu nuna ba, ka ƙirga na jiya da na shekaranjiya a matsayin na yau. Na'urorin zamani suna bada adadin kai tsaye a kowace lita, wannan yafi sauƙin fahimta. Ni dai a nawa teburin bana sakin sakamakon retik ba tare da PCV na wannan jinin a gefensa ba.

Wani gurin da yake da amfani sosai kuma ba'a cin moriyarsa shine gurin gane ko magani yana aiki. Mata masu ciki da masu jego da 'yan mata masu zubar da jini da yawa lokacin al'ada da yara masu tsutsar ciki, mafi yawan ƙarancin jininsu na rashin ayon ne, ɓargo lafiyarsa ƙalau kayan aiki ne babu, kamar tela ne da keke da zare amma ba yadi. Retik ɗinsu yana ƙasa ko kuma yana nan tsaka tsaki bai tashi yadda ya kamata ba. In aka fara basu ayon na gaskiya kuma suna sha yadda akace, cikin kwana 3 zuwa 5 retik zai fara ɗagawa ya kai ƙololuwa wajen kwana 7 zuwa 10, alhali shi PCV sai anyi sati biyu zuwa huɗu kafin aga canji mai gamsarwa. Kaga matar da cikinta ya shiga wata takwas bata da wata guda na zaman jira, in an duba bayan sati ɗaya retik bai motsa ba sai a tambaya, tana shan maganin kuwa ko ta ajiye saboda tashin zuciya da baƙin bayan gida, ko da shayi take korawa don shayi yana hana jiki zuƙar ayon, ko maganin ne jabu, ko kuwa tun farko ba ayon bane matsalar. Haka yake ga masu rashin folik asid ko bitamin B12. Wannan dabarar tsohuwa ce ma, a 1926 wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, George Minot da William Murphy, suka dinga ciyar da masu wani mugun ƙarancin jini da a lokacin kisa yake hanta mai yawa kullum, kuma tashin retik cikin kwanaki shine ya nuna musu sun dace tun kafin majinyatan su murmure, daga baya aka gano B12 ne a cikin hantar, a 1934 aka basu kyautar Nobel su da George Whipple. Yau kusan shekara ɗari kenan, madubi da rini ne kawai a hannunsu.

Masu ciwon ƙoda suma nasu daban ne, kuma kowa yaga yadda layin wankin ƙoda yake a garin nan. Tunda ƙoda ce mai aika saƙo, in ta lalace saƙon baya zuwa, ɓargo yana zaune yana jira, retik ƙasa, sai kaga dattijo ya shekara yana shan maganin ƙarin jini kwalba bayan kwalba jini yaƙi hawa ashe hawan jini ko suga ne suka cinye ƙodar a ɓoye, irinsu allurar EPO ake musu tare da ayon. Wannan allurar ce ma wasu 'yan tseren keke da gudu a ƙasashen waje suke yi a sace don ƙarin ƙarfi, kuma cikin abubuwan da hukumomin wasanni suke bi su kama su harda hawa da saukar retik ɗinsu. Maleriya kuma ta kowane ɓangare take cizo, tana fasa ƙwayoyin sannan tana danne ɓargo, shi yasa yaro zai gama shan magani zazzaɓi ya tafi amma jini ya ɗau lokaci bai dawo ba, tashin retik bayan magani alama ce mai kyau. Akwai magungunan da suke iya kwantar da ɓargo irin su kuloramfenikol da mutane suke saya da kansu da sunan taifod, akwai kuma cututtukan ɓargon kansa harda sankarar jini, inda zaka ga retik ƙasa kuma fararen ƙwayoyi da masu tsaida jini suma sun rikice, irin wannan ba'a kwana dashi a gida, sai gurin likitocin jini kamar na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ta ɗaya gefen kuma in retik yayi sama a wanda ba sikila gareshi ba to jini yana zuba a wani guri ko yana fashewa. Basir mai jini, gyambon ciki musamman ga masu yawan shan maganin ciwon jiki kullum bayan aiki, ko kuma masu ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD wanda gado ne kuma yana da yawa a tsakanin mazanmu, su wasu magunguna ne ko kafur ɗin da ake sakawa cikin kaya yake fasa musu jini. Ina roƙon iyaye mata da ungozoma a raba kayan jarirai da kafur, kuma a daina saka wa jariri lalle, don jaririn da yake da wannan larurar zai iya yin shawara mai tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa, in ido ko jikin jariri yayi ɗorawa asibiti za'a kaishi a ranar ba shanya shi a hantsi ba.

Ban ce retik shine komai ba. Baya faɗin sunan cuta, hanya kawai yake nunawa a bi gabas ko a bi yamma, dole a haɗa da sauran gwaje gwaje da abinda likita ya gani da idonsa. Wanda yayi hatsari yau ya zubar da jini retik ɗinsa ba zai tashi yau ba sai bayan kwana 2 zuwa 3, kuma in an riga an ɗaura wa mutum leda biyu sannan aka ɗiba to an gauraya da jinin wani, shi yasa ake so a ɗebi na gwaji kafin a ɗaura. Amma fa in rai yana hannun Allah yana hannun mutane ba'a tsaida ƙarin jini don jiran sakamako, a ɗiba a ajiye a ɗaura, ƙirge ya biyo baya.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar kula da asibitoci shine a tabbatar duk asibitin da yake da kilinik na masu sikila ko yake karɓar yara da haihuwa yana da rinin nan da ma'aikacin da ya iya ƙirgen, harda na ƙananan hukumomi don kar sai an taso daga Rano ko Gwarzo ko Bichi saboda gwajin minti 30, kuma a saka shi cikin abinda tsarin taimakekeniyar lafiya yake biya. Malamanmu na jami'ar Bayero da makarantun koyon aikin lafiya a dage wa ɗalibai su ƙirga da idonsu har hannu ya faɗa, don ba ko'ina zasu tarar da na'ura ba. Likitoci da nas nas kuma in an rubuta PCV an ga yayi ƙasa a ƙara layi ɗaya a takardar, mu kuma 'yan lab mu daina ɓata rai in mun gani. Gidajen rediyonmu da suke da shirye shiryen lafiya su gayyato likitocin jini suyi wannan bayanin da Hausa, tunda masu tallan maganin ƙarin jini da lasifika a bakin kasuwa da tasha su kullum suna kan nasu bayanin.

'Yar ƙanwar tawa ta koma makaranta, likita tace wanda yayi irin wannan ciwon sau ɗaya yawanci baya sake yi don jiki yana riƙe rigakafinsa, ƙanin nata kuma Allah ya tsare bai kamu ba. Yanzu a bayan katin kowannensu uwar ta rubuta lamba biyu da jan biro, Hajiya ma in an dawo daga asibiti bayan ta tambayi jinin nawa ne sai ta ƙara da cewa to shi ɗayan fa, na ɓargon?

Nagode Malam Edita, Allah ya bamu lafiya ya baiwa marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku,
Wani ma'aikacin lab, daga Gwammaja, Kano.